Kajijin Tabki Uku: Jawabi a Kan Bambancin Gado a Tsirran Fadamarmu



Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, iyayena da yayyena da suka riga ni riƙe alli, 'yan'uwana malamai maza da mata, ina yi mana barka da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Hantsu da Sansani da Zareku da Tsakuwawa, wasu ma sai da suka tsallaka ruwa.

Ranar da aka ji cewa a kan aya zan yi magana, wani malamin Hausa ya tare ni ya ce ashe na koma koyar da ƙa'idojin rubutu. Malamin addini na makarantarmu kuwa ya ja ni gefe, ya ce in yi hattara, tafsiri ba fannina ba ne. To, hankalin kowa ya kwanta. Ayar da nake nufi ita ce wadda ake taunawa, wadda ake gasa wa mutum a hannu, wadda ake tauna tsakuwa domin ta ji tsoro. Ga ta nan a faifai, ga aya-aya da na tuge a bayan aji da safiyar nan, ga kuma kajiji. Ina roƙon a zagaya da su, kowa ya taɓa, ya sansana.

Waɗannan ukun 'yan gida ɗaya ne. Mu a nan duk ciyawa muke ce musu, amma masana tsirrai sun ware su daga dangin gero da dawa da gamba, suka ba su gida na kansu, wanda ni nake kira dangin aya. Sun haura nau'i dubu biyar a duniya. Idan ka murza karan aya-aya tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku, ba shi da gaɓa, cikinsa kuma a cike yake, alhali karan ciyawa kewayayye ne mai gaɓoɓi. Da wannan nake koya wa yara rarrabe su. Sai dai kajiji da kansa ya saɓa wa ƙa'idar, domin nasa karan kewayayye ne, in ya bushe ma har zobba-zobba ake gani a jikinsa kamar gaɓa. A cikin wannan dangi ne tsiron da mutanen Masar na dā suka yi takarda da shi yake, yana nan kuma har yau a tafkin Chadi. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma aya da kajiji suna ciki. Ke nan sama da shekara ɗari da aka rubuta abin da kakanninmu suka sani, mu kuwa jikokinsu muna ta mantawa.

Bari in fara da kakata, Allah ya jiƙanta, domin ita ce malamata ta farko a wannan fanni, ko da yake ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Sana'arta haɗa turaren wuta na amare. Akwai tabkuna uku da ake haƙo mata kajiji idan ruwa ya ja baya: ɗaya a bayan garinmu, ɗaya a gindin wata jigawa ta gabas, na uku can kusa da kogi, tafiyar rabin yini a kan jaki. Idan aka zube mata saiwar a tabarma, sai ta ɓalla guda ta kai hanci, ta faɗi tabkin da aka haƙo ta, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba. Na bayan gari, in ji ta, ƙamshinsa yana tashi da wuri ya gudu da wuri. Na gindin jigawa yana da yaji. Na bakin kogi kuwa shi ne take ɓoyewa a tandu, domin ƙamshinsa kan kwana a jikin tufafi, ba ta sa shi sai a turaren 'yar da ta ga dama. Ina yaro na ɗauka sihiri ne irin na tsofaffi. Da na je kwalejin horon malamai na ɗauka camfi ne. Sai da na yi shekaru ina koyar da darasin gado kafin na gane cewa tambayar da hancinta yake amsawa ita ce wadda masana ke kashe kuɗi a ɗakunan bincike domin su amsa, wato ko kajijin nan duk iri ɗaya ne, ko kuwa kowane tabki da nasa jinin.

Mun san cewa kowane mai rai yana ɗauke da ƙwayoyin gado, rabi daga uba rabi daga uwa. Gregor Mendel ne ya fara bayyana ƙa'idar a 1866, bayan ya shafe shekaru yana haɗa auren wake a lambun majami'arsu. Mu kuma nan gida gwajin jini kafin aure ya sa kowa ya san AA da AS da SS, ya san cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne, mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro fiye da mai AA, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro. Wato a cikin al'umma ɗaya akwai nau'o'in ƙwayar gado daban-daban, wadda ta zama nauyi a wani hali takan zama garkuwa a wani. Yawan waɗannan nau'o'i a cikin jinsi ɗaya shi nake kira bambancin gado. Haka yake ga mutane, haka yake ga awaki, haka yake ga kajiji.

Dangin aya suna da hanya biyu ta yaɗuwa, kuma a nan ne maganar take da daɗi. Ta farko ita ce ta fure: iska ta ɗauki bununi daga wannan tsiro ta kai wa wancan, a sami ƙwaya mai gadon iyaye biyu, wadda ba ta yi daidai da kowanne daga cikinsu ba. Ta biyu ita ce ta ƙarƙashin ƙasa: saiwa ta yi rarrafe, ta yi 'ya'ya, kowace ɗiya ta fito da sabon tsiro. Wannan sabon tsiro ba shi da uba, kwafin uwarsa ne tsaf, kamar takardar da aka sa a injin kwafi. A jihar Minnesota ta Amurka an taɓa shuka ƙwayar ayar daji guda ɗaya tak, aka bar ta, kuma rahoton da aka buga a 1961 ya nuna cewa a shekara guda ta fitar da tsiro kusan 1,900 da 'ya'ya kusan 6,900. Ku dubi wannan lissafi da idon malami. Mutum zai tsaya a bakin fili ya ga kore shar, ya ƙirga tsiro dubu biyu, ya ce albarka. A wajen gado kuwa tsiro ɗaya ne ya tsaya a wuri dubu biyu. Cutar da za ta iya kayar da ɗaya, ta gama kayar da su duka, sai dai lokaci.

Yanzu zan ɗauke ku mu bar Miga na ɗan lokaci mu hau dutse, domin a can ne masana suka fi ganin matsalar a fili. A cikin dangin aya akwai wani babban reshe da ake kira Carex, mai nau'i kusan dubu biyu, akasarinsu a ƙasashen sanyi. A tsakiyar Afirka ba a cika samunsu ba sai a kan tsaunuka, inda akwai sanyi da hazo, irin tsaunukan da suka taso daga Kamaru suka shigo Mambila a jihar Taraba. Can ne Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Can ne kuma kurmin Ngel Nyaki yake, wanda aka keɓe a 1969, inda masana daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand da abokan aikinsu na Nijeriya suka kafa tashar bincike. Kurmin da ya rage a wurin 'yan murabba'in kilomita ne kawai, sauran kuma tsiri-tsiri ne a bakin rafuka, makiyaya ta kewaye su, wuta tana cin gefensu duk rani, shanu suna tattake ƙananan tsirrai.

Tsiron da ba ya rayuwa sai a inuwar irin wannan kurmi, ɗan tsibiri ne, ko da babu teku a kusa. Zafin da ke kwarin ƙasa ya raba shi da 'yan'uwansa na tsauni na gaba kamar yadda ruwa ke raba tsibirai. Idan kurmin ya ƙanƙance, abu biyu ne ke faruwa. Na farko, bununi ba ya samun inda zai sauka sai a kan ɗan'uwa na kusa, sai miyagun ƙwayoyin da suke ɓoye su riƙa haɗuwa biyu-biyu, irin ya yi rauni, tsiro ya ragu. Duk mai kiwo ya san wannan, shi ya sa ake canza bunsuru ko rago a garke bayan 'yan shekaru. Na biyun ya fi wuyar ganewa, saboda babu cuta a ciki, babu laifin kowa, tsautsayi ne tsagwaronsa. Ga yadda nake nuna shi a aji, kuma ba ya bukatar ɗakin gwaji. A sami ƙwarya, a zuba farin wake 95 da jan wake 5. A rufe wa yaro ido ya ɗebi goma, a ce waɗannan goman su ne suka tsira daga gobara. Kusan sau shida cikin goma ba za a sami jan wake ko ɗaya a hannunsa ba. A maimaita, amma ya ɗebi hamsin. Yanzu da ƙyar jan zai ɓace sau uku cikin ɗari. Daga nan sai a tambayi yara: idan jan waken nan shi ne mai jure fari fa? Na ga yaran aji shida na firamare sun yi shiru a kan wannan tambaya, irin shirun da malami yake roƙon Allah ya samu ko sau ɗaya a zango.

Wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu da tsauni, ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, in ban da duwatsun Dutse. To, mu sauko gida. Ƙasarmu jigayi ce, tuddan rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan, kogin Haɗeja kuma yana ratsa tsakaninsu, yana barin tabkuna da fadamu a kwaruruwa. Ga tsiron da ba ya rayuwa sai ƙafarsa na cikin laka, kowane tabki tsibiri ne, jigawar da ke tsakani kuma ita ce tekunsa. Abin da ya hana tabkunan nan zama kurkuku tun fil azal shi ne ambaliya. Duk damina ruwa yakan cika ya haɗe su, ya kwashi ƙwaya da guntun saiwa daga wannan ya kai wancan, sannan ya janye ya bar laka ta bushe, a nan ne sabuwar ƙwaya ke samun filin tsira. Tsuntsaye ma suna nasu aikin. Kirinjijiya da ɗinya da agwagin da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi suna ɗaukar ƙwaya a cikinsu da lakar ƙafafunsu, daga Baturiya zuwa Nguru zuwa nan. Da haka jinin kajijin gabas yake isa ga na yamma.

Wannan tsari ya sauya a zamaninmu. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ban zo in zagi madatsun nan ba, domin Kano na shan ruwansu, dubban manoman rani na ci daga gare su. Amma sun canza numfashin kogin. Fadamun da ambaliya ke kaiwa a dā, wasu ta daina kaiwa. Wasu wuraren kuma da suke bushewa ƙaƙas da rani, yanzu ruwan da ake saki ya sa ba sa bushewa sam, kuma irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya janyewa shi ne abin da kacala take so. Ba sai na gaya wa mutumin Miga ko Auyo ko Guri mece ce kacala ba. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin jan-baki, kuma idan ruwa ya zo da ƙarfi kamar na 2020 da 2022, ya rasa hanya, sai ya bi ta cikin gidajenmu da ajujuwanmu. Abin da ba a lissafawa a cikin asarar shi ne ƙananan tsirran bakin tabki da ta yi wa inuwa har suka mutu. Inda kacala ba ta kai ba, garma ta kai, maganin feshi ya biyo baya, kuma maganin feshi bai san aya-aya da kajiji ba. Tabkunan da suka rage sun yi nisa da juna. Mun wayi gari da irin halin kurmin Mambila a ƙasar da ba ta da tsauni.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, domin ni ma manomi ne: aya-aya ai annoba ce, har masana sun taɓa ba ta lambar farko a jerin miyagun ciyayin duniya, wa zai yi kukan ta? Gaskiya ne, ba ni da niyyar kare ta a gonar kowa. Amma ku saurari labarin wata muguwar ciyawa. A fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali akwai shinkafar daji mai rarrafe da saiwa, wadda manoma ke tsinewa saboda wuyar cirewa, kuma irinta na nan a fadamun ƙasar nan har zuwa tafkin Chadi. An ɗauki samfurinta, ya bi hannu-hannu har ya isa cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, aka gano cewa ba ta kamuwa da wata cuta mai ƙona ganyen shinkafa. A 1995 masana a Jami'ar Kalifoniya suka ware ƙwayar gadon da ke ba ta wannan kariya, wadda ake kira Xa21, kuma an shigar da ita cikin irin shinkafar da ake nomawa a Asiya. Wanda ya fara tuge ciyawar nan yana tsaki bai san abin da ke hannunsa ba.

Ga kuma wanda iyayenmu suka gani da idonsu. Bayan farin 1973, a daminar 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta faɗa wa Arewa, ta lalata gyaɗar da aka shuka a kadada kusan dubu ɗari bakwai. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda dama ta fara tangal-tangal, ba ta sake miƙewa ba. Kusan duk abin da aka shuka a wancan lokaci ba shi da kariya daga cutar. Daga ina kariya ta fito? Daga tsofaffin irin gargajiya da wasu ƙananan manoma suke riƙe da su a kan iyakar Burkina Faso da Kwaddebuwa, irin da ba ya nuna da wuri, wanda babu wani jami'in gona da zai ba ka shawarar ka shuka. Daga jininsu ne masu bincike, ciki har da na Samaru a Zariya, suka samo kariyar da suka sa a cikin wasu daga irin Samnut da muke saye yau. Tun kafin wannan, a 1845, mutanen Ailan sun dogara kusan kacokan ga iri ɗaya na dankalin Turawa, wanda shi ma da 'ya'yansa ake shukawa kamar aya. Cuta ta zo, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa, wasu kamar haka suka yi hijira.

Dalilin da ya sa na kawo dankali shi ne aya. Ayar gona ba ta cika yin fure ba, kuma babu manomin da ke shuka ta da ƙwayar fure. Daga buhun bara ake ɗebo irin bana. An daɗe ana haka, domin an sami aya a kaburburan Masar na shekaru dubbai. Yau ta zama hajar kasuwar duniya. A jihar Maraɗi ta Nijar ana noma ta sosai, tana shigowa kasuwanninmu, tana kuma tafiya har Sifen, inda mutanen Balensiya suke yin wani farin abin sha da ita, ɗan'uwan kunun ayarmu. Mai saye daga waje yana son manya, masu launi ɗaya, masu girma ɗaya. Manomi kuwa abin da kasuwa ke so shi zai shuka, kuma ba za a zarge shi ba. Sai dai ƙaramar aya mai zaƙi da ake dakuwa da ita, da baƙar aya da ba kullum ake ganinta a kasuwa ba, idan aka daina shuka su shekara biyu ko uku sun tafi ke nan, domin ba su da wani ma'aji sai rumbun wanda ke shuka su. 'Yar'uwarsu ta daji, wadda ita ce ke yin fure ta haɗa jini, ita muke fesa wa magani.

Shekarun baya na ce bari in gwada hancin kakata. Bambancin ƙamshi zai iya zama na gado, zai iya kuma zama na ƙasa da ruwan wurin, kuma hanyar rarrabe aya da tsakuwa a nan tsohuwa ce, masana sun yi kusan shekara ɗari suna amfani da ita: ka ɗebo tsirran daga wurarensu daban-daban, ka shuka su a ƙasa iri ɗaya, ka ba su ruwa iri ɗaya. Bambancin da ya ɓace na wuri ne, wanda ya tsaya kuwa akwai alamar na jini ne. Na sami tsofaffin bokitai, na cika su da laka daga rami ɗaya, na hau babur na tafi neman kajijin tabki uku. Na bayan gari yana nan, ko da yake ya koma 'yar kusurwa. Na gindin jigawa na same shi a gefen gonar shinkafa, a wani tsiri da garma ba ta kai ba saboda tururuwa ta yi gida a wurin. Na shuka su, ni da 'yan ajina muka riƙa awo da rula duk ranar Litinin. Bayan damina biyu, na gindin jigawa ya ci gaba da zama gajere mai kaurin saiwa, kuma da muka kai wa wasu dattijai mata biyu masu haɗa turare, ba tare da mun gaya musu wanne ne wanne ba, dukansu sun ce wannan ya fi yaji. Bokiti shida ba su isa a kira su bincike ba, amma sun ishe ni in daina cewa camfi.

Na ukun, na bakin kogi, wanda take ɓoyewa a tandu, ban same shi ba. Na je sau uku. Tabkin ya zama dajin kacala, tsawonta ya fi ni, wani masunci ya tura ni a kwalekwale muka zagaya gefe-gefe har la'asar. Ya ce rabonsa da ganin kajiji a wurin tun yana saurayi. Kajiji a matsayin jinsi bai ƙare ba, yana nan a Afirka da Asiya, har a Barazil ana turare da shi. Amma na wannan tabki, da ƙamshin da ke kwana a tufafi, ban san inda zan nuna wa jikata shi ba. Laifina a ciki shi ne na yi shekara ashirin ina wucewa ta kusa da wurin da littafin kimiyya a jakata, ban taɓa tsayawa na ɓallo saiwa ɗaya ba.

Akwai ma'ajiyoyin iri a duniya. A Ibadan akwai cibiyar ƙasa ta adana irin tsirrai, akwai kuma cibiyar IITA da ke riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, sama da dubu goma sha biyar, da yawa daga cikinsu daga gonakin ƙasar Hausa aka karɓo su. A Svalbard ta ƙasar Norway an buɗe wani ma'aji a cikin dutsen ƙanƙara a 2008. Amma waɗannan wurare sun fi dacewa da busasshiyar ƙwaya ta manyan amfanin gona. Saiwa da 'ya'yan ƙasa ba sa jure dogon ajiya, sai an riƙa shuka su, kuma ba na tsammanin wani zai taso daga Ibadan domin kajijin bayan garinmu. Wanda yake kusa, wanda yake da biro da takarda da yara arba'in masu sanin kowane lungu na fadama, shi ne malami.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Kowace makaranta ta ware littafi guda mai kauri. Yara su tambayo kakanninsu sunayen aya da kajiji da sauran tsirran fadama da suka sani, da inda ake samun kowanne, da abin da ake yi da shi, da wanda aka daina gani, a rubuta da sunan wurin da kwanan wata. Malamin Hausa yana da rabo a nan daidai da malamin kimiyya, domin sau da yawa suna yakan riga tsiro mutuwa. A matse samfurin kowane tsiro a tsakanin tsofaffin jaridu, da furensa in akwai, a ɗora masa bulo har ya bushe, a manna a littafin. Inda makaranta take da lambu ko rijiya, a jera bokitai, kowane tabki da nasa, kuma kada a ɗebo daga gindi ɗaya, a ɗebo daga wurare masu tazarar taku ashirin ko fiye, saboda abin da muka faɗa game da kwafi. Ina gargaɗi da babbar murya, kada a tura yaro cikin ruwa. Tsargiya tana nan, zurfi yana nan. Malami ko wani babba shi zai shiga, kuma da rani, bayan ruwa ya ja baya. Idan littattafan nan suka taru, muna da inda za mu kai su kusa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, kuma ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai zai karɓa hannu bibbiyu.

Sauran maganar ta iyayen yara ce, kuma a taron iyaye da malamai za a yi ta, cikin ladabi, domin ba a koya wa manomi noma. Mai haƙar kajiji ya mayar da guntun saiwa cikin rami ya rufe, kamar yadda tsofaffi suke yi. Mai gona a bakin tabki ya bar taku biyu ko uku da feshi ba zai taɓa ba. Mai ƙaramar aya ko baƙa ya ci gaba da ware mata kunya biyu, ya kuma yi musayar iri da na wani gari.

Bokitaina shida suna nan a bayan ofishin shugaban makarantarmu, kuma sun cika har suna neman fashewa. Duk makarantar da take so ta turo a raba mata bayan an tashi. Wanda kuma ya san wani tabki a yankin Hantsu ko gaba da nan inda har yanzu ake haƙo kajiji mai kwana a tufafi, don Allah ya same ni kafin ya hau babur.